Makin jirgi da na otal: me ke isowa hannun matafiyin Kebbi?

Da zarar watan Sha'aban ya kama, shagunan masu yankan tikiti a Birnin Kebbi kan cika da masu neman kujerar Umra. Cinikin sananne ne: nawa ne biza, kwana nawa za a yi a Madina, masaukin yana kusa da Harami ko sai an hau mota, kilo nawa za a bar mutum ya dawo da shi. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta shigo cikin cinikin wadda a da ba a yin ta: "To makina fa?" Wani ɗansa da ke karatu a Masar ne ya ce masa duk hawan jirgi ana tara masa wani abu. Wani saƙon imel ya gani cewa makin da bai ma san yana da shi ba zai mutu ƙarshen wata. Wani kuma labari ya ji na wanda ya je Dubai "kyauta".

Kamfanonin da kansu sun ƙara wa mutane ruɗani, domin dokokin nasu ba sa zama wuri ɗaya. Daga ranar 1 ga Afrilun 2025, British Airways, wanda ke zuwa Legas da Abuja, ya koma auna darajar fasinja da yawan fam ɗin da ya kashe, maimakon tsohon tsarin da ke duba nisan tafiya da irin kujerar da aka zauna. Manyan rukunonin otal kuwa sun riga sun soke jadawalin da ke gaya wa mutum maki nawa zai ba shi kwana ɗaya. Shawarar da wani ya bayar shekara biyar da suka wuce, yau tana iya zama ta daina aiki.

Maki iri biyu ne, kuma littafin yana hannun kamfani

Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce gyara. Mai shinkafa a kasuwar Jega ya auna maka tiya biyar, ya ƙara maka cikin hannu biyu, don gobe ka wuce rumfar maƙwabcinsa ka dawo wurinsa. Kamfanin jirgi ma abin da yake yi ke nan, sai dai shi ba ya zuba maka gyarar a buhu nan take. Rubuta ta yake yi a littafinsa da sunanka, ya ce idan ta taru ka zo ka karɓa. Littafin yana hannunsa, mudun ma nasa ne, kuma cikin sharuɗɗan da mutum ke amincewa da su lokacin rajista akwai cewa kamfani na da ikon sauya girman mudun. Da yawansu sun rubuta ƙarara cewa makin ba dukiyar mai asusun ba ne.

Iri na farko shi ne makin kashewa, wanda ake fansar tikiti ko ɗakin otal da shi, ko a matsa daga kujerar gama-gari zuwa ta gaba. Kowane kamfani da sunan tsarinsa: Saudia na da Alfursan, Ethiopian na da ShebaMiles, Turkish na da Miles&Smiles, Emirates na da Skywards, Air Peace na da Peace Advantage, British Airways da Qatar Airways kuwa makinsu ɗaya ne mai suna Avios tun 2022. Rajista kyauta ce a dukansu.

Iri na biyu makin matsayi ne. Shi ba a sayen komai da shi. Ana ƙirga shi ne cikin shekara, idan ya kai wani adadi a ba mutum katin azurfa ko na zinare, shekara ta juyo a fara sabon ƙirge. Amfaninsa shi ne layi na daban wurin awon kaya, zauren hutawa a filin jirgi, da ƙarin kaya. Mai katin zinare a Star Alliance, wato ƙawancen wasu kamfanonin jirgi da ke karɓar katin juna, misali, ana ƙara masa kilo 20 ko jaka guda a yawancin tikiti. Ga ɗan kasuwar da ke sarin abaya da turare, wannan ƙarin kan fi masa tikitin kyauta amfani, domin kuɗin awo ne ke cin ribarsa.

Maganar ƙawance tana da muhimmanci ga wanda ke tashi daga Kano. Ƙawance uku ne manya: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, don haka wanda ya hau EgyptAir bana, ya hau Ethiopian baɗi, yana iya zuba makin duka a asusu ɗaya. Saudia tana SkyTeam, Qatar tana oneworld, Emirates ba ta cikin ko ɗaya. Mutumin da ya buɗe asusu biyar ya warwatsa ɗan abin da ya samu, da wuya ko ɗaya ya taɓa kaiwa tikiti.

Sannan maki yana mutuwa, kamar garaɓasar katin waya. Na Emirates da na Turkish wa'adinsu kusan shekara uku ne daga lokacin da aka same su, ko mutum yana tafiya ko ba ya yi. Avios kuwa ba ya mutuwa sai asusun ya yi wata 36 babu shiga babu fita.

Yadda gyara ta zama babbar sana'a

Asalin abin daga Amurka ne. A 1978 gwamnatin ƙasar ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti da hanyoyin jirage, kamfanoni suka shiga gasar ƙwace fasinjoji. A 1981 American Airlines ya fito da tsarin makinsa mai suna AAdvantage, United ya biyo baya cikin shekarar, a 1983 kuma otal-otal ɗin Holiday Inn da Marriott suka kwaikwaya. Dabarar ta ginu ne kan kujerar da ba a sayar ba. Jirgi idan ya tashi da kujera a wofi, kuɗinta ya tafi ke nan har abada, ba kamar buhun shinkafa ba ne da za a mayar sito. Ba da ita ga tsohon abokin ciniki kusan ba ya cin kamfani komai, shi kuwa wanda aka ba yana ganin an yi masa kyautar dubban ɗaruruwa.

Daga baya kamfanonin suka gano cewa makin da kansa haja ne. Suna sayar wa bankuna shi da tsabar kuɗi, bankuna su raba wa masu amfani da katinsu na bashi. A 2023 kaɗai, kamfanin jirgi na Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga kamfanin katin bashi na American Express ta wannan hanya. Lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya cik, abin da manyan kamfanonin Amurka suka kai jingina don karɓar rance shi ne tsarin makinsu: United dala biliyan 6.8 da Delta dala biliyan 9 a 2020, American dala biliyan 10 a 2021.

Wannan tarihi ya bayyana abu biyu. Na ɗaya, yawancin makin da Ba'amurke ke yawon duniya da shi ba a cikin jirgi ya samo shi ba, a kanti da gidan mai ya tara shi da katin banki. Bidiyon da ake gani a TikTok na masu cewa sun je ƙasa kaza ba su biya ko sisi ba, daga irin wannan tsari suke magana. Mutumin Argungu da ke ciniki da tsabar kuɗi ko tiransifa ba ya cikin wannan lissafin. Na biyu, duk makin da ke asusun mutane bashi ne a littafin kamfani. Makin da ya mutu ba a karɓa ba, bashi ne da ya faɗi. Makin da aka rage wa daraja, bashi ne da ya ragu ba tare da an biya ba.

Daga awon nisa zuwa awon aljihu

A tsohon tsari, mil ɗaya na tafiya maki ɗaya ne, shi ya sa har yau ake ce masa mil. Wanda ya yi sa'ar tikiti mai araha zuwa wuri mai nisa shi ke cin riba. Delta da United suka sauya wannan a 2015, American a 2016, aka koma ba da maki bisa dala nawa aka biya. British Airways ya bi sahu a Oktoban 2023, inda sabon shiga ke samun Avios 6 a kan kowane fam, sannan a 2025 ya kai awon har kan matsayi: maki 3,500 don tagulla, 7,500 don azurfa, 20,000 don zinare, kowane fam maki ɗaya, kuma harajin gwamnati da ke cikin tikiti ba ya shiga ƙirgen. Da ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya ɗan sassauta, ya bar ƙofar samun tagulla da azurfa ta yawan hawa.

A mayar da wannan naira a gani. Idan aka ɗauki fam a kan naira 2,000, katin azurfa na neman kashe abin da ya kai naira miliyan 15 cikin shekara ɗaya a kamfani ɗaya. Ɗalibin da ke dawowa gida sau ɗaya a shekara, ko likitan da ke aiki a Ingila yana zuwa ganin iyaye a Zuru, ba shi aka nufa da katin ba. Kamfanonin da mutanenmu suka fi hawa ba duka suka koma wannan awo ba, amma ko masu ƙirga nisa sun daɗe da ɗaure shi da tsadar tikiti ta wata hanyar.

Lissafin Kano zuwa Jidda

Hanyar ita ce harafin da ke jikin tikiti. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, abinci ɗaya suke ci, amma ɗaya an yanka masa tikiti mai cikakken farashi, ɗaya na rangwame. Kowane farashi da harafinsa, kuma kowane harafi da kasonsa. Wani yana ba da nisan gaba ɗaya, wani rabi, wani rubu'i, wani ba ya ba da komai. Tsakanin Kano da Jidda ya ɗan haura mil 2,000, zuwa da dawowa kimanin 4,200. Mai tikitin da ke ba da rubu'i zai tashi da maki dubu da ɗan wani abu. Idan sau ɗaya yake zuwa Umra a shekara, kuma makin na mutuwa bayan shekara uku, bai taɓa riƙe abin da ya wuce dubu uku zuwa huɗu ba, alhali tikitin ƙasar waje dubunnan gomomi yake ci.

Inda gizo ke saƙa ga mutanen Kebbi shi ne yawancin tafiyarsu ta waje ba irin wadda ake ba wa maki ba ce. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ya fi cika lokacin jigilar alhazai, daga nan ne ma jirgin farko na Hajjin 2024 na Najeriya baki ɗaya ya tashi ranar 15 ga Mayu, jirgin flynas. Amma jigilar Hajji shata ce da hukumar NAHCON ke rabawa tsakanin kamfanoni, kuma a ƙa'idar yawancin tsare-tsaren maki tikitin shata ba ya cikin lissafi. Haka galibin tikitin jimla da kamfanonin jirgin yawo ke saye don tawagar Umra. Shi ya sa irin wannan musayar ba baƙuwa ba ce a shagon tikiti:

"Alhaji, tikitin ga na jimla na, ba a rubuta mai maki."

"To ai yaron nan ya ce mani kowane hawa ana rubutawa."

"Ranka ya daɗe, in kana son wanda ake rubutawa akwai shi, amma da ƙarin kuɗi."

Ko ƙarin ya cancanta? Akwai hanyar ganewa, kuma ba ta wuce ɗebewa da rabawa ba. A ƙaddara tikitin da mutum ke son fansa wata rana kuɗinsa naira 1,500,000 ne, da maki kuwa 60,000 ne tare da biyan naira 400,000 na haraji da cajin kamfani. Abin da makin ya ɗauke masa naira 1,100,000 ne. A raba da 60,000, kowane maki ya tashi kan naira 18 da 'yan kwabbai. Yanzu idan tikitin da ke ba da cikakken maki 4,200 ya fi na jimla tsada da naira 120,000, mutum ya biya 120,000 ne don ya sami abin da bai kai 80,000 ba, kuma shi ma sai ranar da ya taru. Alƙaluman misali ne kawai, kowa ya sa nasa, amma sau da yawa haka sakamakon ke fitowa.

Wancan kuɗin haraji shi ne abin da masu cewa "kyauta" ke tsallakewa. Maki kuɗin kujera kawai yake biya. Tun 2020 kuɗin da hukumar filayen jirgi ta FAAN ke karɓa a kan fasinjan da zai fita ƙasar waje ya koma dala 100, ban da na ƙasashen ECOWAS, ga harajin ƙasar da za a sauka, ga cajin da wasu kamfanoni ke ɗorawa wanda asalinsa na tsadar mai ne amma ya zauna daram. Bayan haka kuma sai an sami kujerar. Kamfani kaɗan yake warewa don masu maki, kuma ba ya ware ta a ranar da ya san zai sayar da tsada. Goman ƙarshe na Ramadan, wanda shi ne burin kowa, shi ne lokacin da ta fi wuyar samu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jawo asarar makin da mutum ya cancanta. Sunan da ke asusu dole ya zo daidai da na fasfo. Wanda fasfonsa ke ɗauke da Muhammad amma ya yi rajista da Mohammed ko Mamman zai sha jira. Maki na wanda ya hau jirgi ne, ba na wanda ya biya ba, don haka maigidan da ya biya wa mata biyu da 'ya'ya huɗu nasa kaɗai zai gani, sai fa idan ya buɗe asusun iyali, kamar na Emirates da ke ɗaukar mutum takwas har da shi. Wanda ya manta bai ba da lambarsa ba yana iya nema daga baya, galibi cikin wata shida, muddin ya ajiye katin shiga jirgi da lambar tikiti. Asusun kuma ya kamata ya kasance da imel da lambar wayar mai shi. Idan ejan ne ya buɗe da nasa, makullin yana hannun ejan.

Otal: ƙa'idar ta fi sauƙi, ƙofar ta fi ƙunci

Otal-otal ɗin Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri gyararsu ta baki ce: ka saba sauka, manaja ya san ka, ya rage maka. Tsarin maki na manyan rukunoni ne, kuma mutumin Kebbi yakan haɗu da su a wuri biyu, Abuja da Legas idan taro ya kai shi, da kuma Makka da Madina. A kewayen Harami rukunin Accor ne ke tafiyar da Pullman Zamzam da Swissôtel da Fairmont na hasumiyar agogo, Hilton da Marriott kuma suna da nasu a Jabal Omar. A Abuja, Transcorp Hilton yana cikin tsarin Hilton Honors.

Marriott da Hilton suna ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin otal ɗinsu, kuma makin na mutuwa idan asusu ya yi wata 24 ba motsi. Hilton ya soke jadawalin farashinsa a 2017, Marriott a 2022, don haka makin da ɗaki ke ci yana hawa da sauka tare da kuɗinsa. Ɗakin da ya ninka a ƙarshen Ramadan da riyal, da maki ma yakan hau. Accor ya bi wata hanya da ta fi sauƙin lissafi: maki 2,000 yuro 40 ne a ko'ina. Sabon shiga yana samun maki 25 a kan kowane yuro 10 a yawancin otal ɗinsa, wato sai ya kashe yuro 800 ya sami 40. Kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma idan aka yi kwana 365 ba a sake sauka ba ya tafi. Wannan adadi yana da amfani ko ga wanda bai taɓa kwana a Accor ba, domin ya nuna girman abin da ake magana a kai idan an cire masa ado.

Sharaɗin da ke fitar da mafi yawan masu Umra shi ne sai an kama ɗakin kai tsaye daga otal ɗin ko shafinsa. Ɗakin da aka kama ta Booking.com, ko wanda kamfanin jirgin yawo ya saya da yawa ya raba wa mutum huɗu-huɗu, ba ya kawo maki ko da an nuna kati a wurin karɓar baƙi. Kuma farashin da kamfanin yawon ya samu na sari sau da yawa ya fi na kai tsaye sauƙi da abin da ya zarce kashi biyar ɗin.

Jirgin ƙasa

Nan maganar gajeruwa ce. A Jamus, Deutsche Bahn na ba da maki ɗaya kan kowane yuro, Amtrak na Amurka biyu kan kowace dala, saboda suna gasa da jirgin sama da mota. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo, tsohon layin da ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929 kuma ba ya cikin hanyoyin da matafiyi ke dogaro da su yau. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 matsalarsa ta kasance samun tikitin ne, har sai da aka kawo sayarwa ta intanet a 2021 don rage 'yan cuwa-cuwa. Wanda ake layi a ƙofarsa ba ya ba da gyara. Haka abin yake a tafiyar Birnin Kebbi zuwa Abuja ta sama, mai nisan kusan kilomita 500: inda jirage ba su da yawa, fasinja wanda ya samu yake hawa, ba wanda yake da katinsa ba.

Masu yabo da masu suka

Masu kare tsarin suna da hujja. Rajista ba a biyan komai, kuɗin makin kuma yana cikin farashin tikiti ko mutum ya karɓa ko bai karɓa ba, don haka wanda ya ƙi yin rajista ya bar wa kamfani nasa ne. Suna kuma kawo abin da ya faru da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta kai wajen 1,500. Kuɗin tikitin waje da naira ya bi ta, amma adadin makin da tikiti ke ci ba a ɗaure yake da naira ba. Wanda ya riƙe maki 60,000 ya tsallake wannan lokaci, makinsa ya fi riƙe daraja a kan nairar da ke asusunsa na banki.

Masu suka na cewa wannan sa'a ce ta faɗo, ba alkawari ba. Kamfani na iya ƙara yawan makin da tikiti ke ci dare ɗaya, kuma tun da aka soke jadawali ba ma a iya nuna ranar da aka ƙara. Ƙorafin ya kai ga ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike kan tsarin manyan kamfanoni huɗu na ƙasar a Satumban 2024. Kamfani yana iya durƙushewa da makin mutane, kamar yadda Ansett na Ostareliya ya yi a 2001, kuma ƙasar da ta ga ƙarshen Nigeria Airways a 2003 da Air Nigeria a 2012 ba ta buƙatar a ba ta labari. Ko bai durƙushe ba yana iya daina zuwa. Lokacin da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, wanda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce ya kai kusan dala miliyan 850 a tsakiyar 2023, Emirates ya dakatar da zuwa daga ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Makin da ke da wa'adin shekara uku, kusan biyu daga ciki babu jirgin kamfanin a ƙasar.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, ba sa karo da juna sosai. Ta farko tana magana ne kan karɓar abin da aka riga aka biya, ta biyu kan ƙara kuɗi ko jinkirta kashewa saboda shi. Mai yawan tafiya, kamar ɗan kwangila ko ɗan kasuwar da ke zuwa Guwanzu ko Istanbul sau huɗu ko biyar a shekara, yana iya cin moriya ta gaske idan ya tsaya a ƙawance ɗaya. Mai Umra ɗaya a shekara, abin da zai samu bai kai ya sauya masa jirgi ko masauki ba.

Wani ɓangare kuma na masu tallan "tikitin maki mai rahusa" a WhatsApp. Kamfanoni sun haramta sayar da maki tsakanin mutane, kuma idan suka gano suna soke tikitin su rufe asusun. Wani makin ma na sata ne daga asusun da aka yi wa kutse. Wanda ya saya yakan gane ne a wurin awon kaya, bayan ya yi doguwar tafiya daga Kamba zuwa Kano.

Hukunci, ofis da gado

Malamai sun riga sun duba mas'alar. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC, a zamanta na 14 a Doha cikin Janairun 2003, ta yanke cewa katin otal da na kamfanonin jirgi masu ba da maki halal ne idan kyauta aka bayar, amma idan sai an biya kuɗi kafin a samu bai halatta ba saboda gararin da ke ciki, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. A zamanta na Riyad a 2000 kuma ta hana katin bashi da aka shardanta masa ruwa, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Rajistar kyauta ke nan ba ta da matsala a wannan fatawa, amma hanyar da Turawa suka fi tara maki da ita tana da.

Tambaya ta biyu ta ma'aikaci ce. Daraktan da gwamnatin jiha ta yanka wa tikiti zuwa taro, makin nasa ne ko na baitulmali? Ƙasashe sun sha bamban. Amurka ta yi doka a ƙarshen 2001 da ta bar wa ma'aikatan tarayya makinsu. A Jamus kuwa, a 2002 an gano 'yan majalisa na amfani da makin tafiyar aiki don yawon kansu, har wani ɗan siyasa mai suna Gregor Gysi ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin birnin Balin, kuma a 2006 babbar kotun ƙwadago ta ƙasar ta ce makin tafiyar aiki na wanda ya biya kuɗin ne. Haɗarin da ake gudu ba makin ba ne kansa, sai dai jami'i ya zaɓi jirgi ko otal mafi tsada da kuɗin jama'a don asusunsa ya cika.

Ta uku ita ce wadda ba a cika tunawa ba sai an yi rasuwa. Alhajin da ya shekara ashirin yana safara zai iya barin makin da ya kai tikiti biyu ko uku. Tunda kamfanoni sun ce ba dukiyarsa ba ne, ba ya shiga rabon gado kai tsaye kamar gona ko shanu. Delta ya rubuta cewa makinsa ba ya komawa kan kowa bayan mutuwa. Marriott da Hilton suna yarda a mayar wa wani idan an kawo takardar shaidar rasuwa da takardun da suka nema, Hilton ya sa wa'adin shekara ɗaya. Magada kuwa ba za su nemi abin da ba su san da shi ba, kuma lambar asusun tana cikin wayar da aka riga aka ba ƙaramin ɗa ya sauya mata layi.